Shin Ko Kun San? Gulbin Zamfara Na Da Hannu A Wutar Kainji

Shin ko kun san ruwan da ke ratsa ƙasar Anka da Bukkuyum da Gummi yana cikin ruwan da ke juya injinan lantarki na Kainji? Gulbin Zamfara yakan nausa yamma, ya bi ta Jega, ya faɗa Gulbin Sakkwato a Jihar Kebbi, shi kuma ya juye cikin Kogin Kwara. Daga nan sai Yawuri, sai madatsar Kainji da aka kammala a 1968, mai injina takwas da ƙarfin megawat 760. Ruwan da ya fita can ma bai huta ba, injinan Jebba na jiransa a gaba.

Ko kun san sau biyu tafkin Kainji ke samun cikowa a shekara? Ta farko tamu ce: ruwan damina mai laka, kaurinsa kamar kunu, wanda idan ya tumbatsa a Agusta sai da kwale-kwale manomin Gummi ke kai wa gonarsa ta ƙetare. Injiniyoyi na ce masa farar ambaliya. Ta biyu daga tsaunukan Gini take tasowa, ta yi watanni tana jan ciki a fadamun Mali har lakarta ta kwanta, sannan ta iso Najeriya cikin hunturu. A lokacin gulbinmu ya janye ya bar yashi, masu lambu na tona ramuka suna kafa injin ban-ruwa don albasa da tumatir. Wannan cikowa ta biyu ita ce baƙar ambaliya, kuma da ita ake lallaɓa injinan cikin rani.

Ƙasashe tara ke da haƙƙi a Kogin Kwara, wato Neja, ƙarƙashin Hukumar Kogin Neja mai hedikwata a Yamai, wadda aka kafa a 1980. Najeriya ta daɗe tana sayar wa Nijar wuta ta layin Birnin Kebbi zuwa Yamai, kuma jami'anmu sun sha faɗin cewa ɗaya daga dalilan shi ne kada maƙwabciyar ta datse kogin daga sama. An yanke wutar a Agustan 2023 bayan juyin mulki a Nijar, aka mayar a Maris na 2024. Nijar kuwa na gina madatsar Kandaji a yankin Tilaberi, mai megawat 130. A ganina yanke wutar nan bai taimaki Kainji ba ko kaɗan.

Akwai kuma yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 tsakanin Najeriya da Nijar kan rabon ruwan kan iyaka, ciki har da gulbin da ke fita Jibiya ya shiga Maraɗi.

Amma babban darasi yana nan gida. An kammala madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, kusa da Talatar Mafara, a 1978. Tana riƙe ruwa kubik mita miliyan 450, har da ƴan injinan lantarki na megawat 3. Manoman da aka karɓe wa gonaki sun yi ta neman diyya, suka tare hanyoyin aikin, a Afrilun 1980 ƴan sanda suka buɗe musu wuta, aka rasa rayuka da yawa. Waɗanda ke ƙasa da madatsar kuwa, ambaliyar da ke shayar da fadamunsu kowace shekara ta ragu, masu shinkafa da yawa suka koma gero da dawa, masunta suka rasa kamu. Ba su ne aka sa a lissafi ba ranar da ake zana aikin, wannan kuwa zalunci ne.

Goronyo, a kan Gulbin Rima, ta ninka Bakolori ɗaukar ruwa. A Satumbar 2010 ruwa ya fi ƙarfinta, ambaliya ta cinye ƙauyuka, ta yanke hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Duka biyun suna hannun Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, kuma Gulbin Zamfara ma cikin huruminta yake. Ya kamata hukumar ta riƙa auna tashin ruwa tun daga Anka, ta sanar da hakimai da gidajen rediyo da Hausa, domin mutanen Bukkuyum da Gummi su samu sararin kwashe iyali da hatsi kafin ya iso.