Adon ɗaki da kayan kaka: yadda za a shirya zangarniya, kara da reshe kafin a shigar da su gida

Kaka ta yi, an yanke gero, dawa na kan hanya, gamba ta bushe a bakin gona. A wannan lokaci ne mata da yawa a Gehuru da ƙauyukan Jega, Aliero da Maiyama ke gyara ɗaki saboda bukukuwan aure da ake yawan yi bayan girbi, kuma akasari furen roba ake sayowa daga kasuwa. Furen roba ba laifi ba ne, amma gonarka cike take da kayan adon da ba ka biya ko sisi ba. Sai dai fa akwai sharaɗi: duk busasshen abin da ya fito daga gona yana iya zuwa da ƙwari, kuma abincin wuta ne. Shiri shi ne maganin duka biyun.

Me ya dace a ɗebo?

Zangarniyar gero ko ta maiwa mai cikakken ido, kan jar dawa, kan shinkafar fadama, furen gamba, sandunan rama da aka ɓare, busasshen zoɓo a jikin reshensa, auduga da ta fashe, 'ya'yan goruba da na bagaruwa. Idan reshe kake so, nemi na sabara, geza ko kalgo daga abin da ka rage lokacin gyaran gona. Kar ka sare itace mai rai don ado. Manoman yankin Maraɗi tun shekarun 1980 suke barin kututture ya tofo, su zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi su rage sauran, kuma da haka itatuwa suka dawo gonakinsu. Abin da aka rage ɗin ya ishe ka ado. Shi kuwa gawo, a bar shi: da rani yake ganye, a lokacin da dabbobi suka fi buƙatarsa.

Abubuwa biyu kar su shiga gida ko da sun ba ka sha'awa. Na farko wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji. Furenta na da kyau, amma tushe ɗaya na zubar da dubban iri, kuma irin na iya wuce shekara 10 a ƙasa yana jiran gero ko dawa. Idan ya zube a ɗaki, shara za ta kai shi juji, taki kuma ya mayar maka da shi gona. Na biyu tumfafiya, don farin ruwanta na yi wa ido illa, yara kuma ba su san haka ba.

Ƙwarin da ke ɓoye a ciki

Tsutsar da ke huda karan gero ba ta mutuwa da an yi girbi. Kwanciya take yi cikin busasshen kara ta shafe rani gaba ɗaya, sai ruwa ya sauka ta zama malam-buɗe-littafin dare, ta koma ta yi ƙwai a sabuwar shuka. Wato karan da ka jingine a ɗaki ko ka yi danga da shi, masauki ka ba ta. Haka zangarniya ke zuwa da ƙwaron hatsi, wanda daga ɗaki sai rumbu. Gara kuma na bin duk reshen da ya taɓa ƙasa ko bangon laka.

Ga yadda za ka yi:

1. Duba kara da kyau. Wanda ka ga rami ko gari na zuba daga jikinsa, ware shi ka kai murhu.

2. Shimfiɗa sauran a kan siminti ko baƙar leda, ka rufe da farar leda mai nuna ciki, ka danne gefuna da duwatsu. Ka bar su daga hantsi zuwa la'asar, kwana uku, kana juyawa. Ƙwarin hatsi ba sa jure zafin da ya haura digiri 50 na tsawon sa'o'i.

3. Abin da kake son launinsa ya tsaya, kamar zoɓo da gamba, ɗaure shi ƙananan dami ka rataye kai ƙasa a inuwa mai iska kimanin mako biyu, sannan ka ba shi yini ɗaya a ƙarƙashin leda. Rana mai yawa na ƙoɗar da launi.

4. Reshe kuwa a ɓare masa ɓawo, don a nan ƙwari ke fakewa, a goge ƙaya, a busar har ya karye da ƙara idan an lanƙwasa.

Kar a fesa fiya-fiya a kan kayan adon ɗakin kwana. Ita kuma ƙwayar hayaƙin da ake jefawa cikin buhun wake, iskar da take fitarwa na kashe mutum, ba ta da wurin zama a ɗakin da ake kwana. Busasshen ganyen darbejiya a gindin tulu ya wadatar.

Jerawa a ɗaki

Uwargida, tsohon tulu ko tukunyar da ta tsage ba abin yarwa ba ne. Zuba busasshen yashi zuwa rabi don kar ta kife, ki soke dogaye a tsakiya, gajeru a gefe. Idan kina son launi, galurar da masu saƙar kaba ke rini da ita na kama gamba da kara, karan dafi kuma na ba da ja. Furen roba biyu ko uku a tsakanin zangarniya sun fi tuli guda kyau, kuma kuɗin ya ragu. Na roba ana wanke shi da ruwa da sabulu idan ƙurar hunturu ta rufe shi, na gona kuwa kaɗewa kawai ake yi a waje, kar ruwa ya taɓa shi ya yi fumfuna.

Maganar wuta

Da hunturu iska a bushe take, a lokacin ne kuma ake shiga da garwashi ɗaki don jin ɗumi. Busasshiyar gamba kamawa take nan take, roba kuma narkewa take ta ɗiga, da hayaƙi mai shaƙe numfashi. A nisanta kayan ado daga kaskon wuta, turaren wuta, fitila, maganin sauro na kunnawa da wayar lantarki. Kar a jera su a bakin ƙofa, inda nan ce hanyar fita.

Ga 'yan ƙungiya

Ƙungiyar mata da ta riga ta iya saƙar faifai da tabarma na iya ƙara wannan cikin sana'arta. Ku fara da kaɗan, ku kai kasuwar Jega ko wurin masu ƙawata wajen biki a Birnin Kebbi, ku ji abin da suke so kafin ku tara da yawa. Ku lissafa kuɗin galura, leda da mota, ku kuma tuna kara da harawa suna da farashinsu a wurin masu kiwo, kar ado ya cinye abincin dabbobi.

Abu na ƙarshe: kafin ruwan farko, wajen watan Afrilu, a kwashe duk karan gero da na dawa da aka yi ado da shi a sa a murhu. Wata kakar akwai sabo. Allah ya ba mu damina mai albarka.