Sauya tsarin wayar salula zuwa ƴantacciyar manhaja: abin da ya shafi mai nazarin harshe

1. Gabatarwa

Wayar salula ta maye gurbin rakoda da littafin rubutu a wajen ɗalibanmu masu bincike a ƙauyuka. A cikinta ake ajiye muryoyin mutane, da sunayensu, da inda aka same su. Don haka ya kamata mu san wanda yake da iko a kan tsarin da ke sarrafa ta.

2. Batun suna

Faransanci ya bambanta libre da gratuit. Mu ma mun zaɓi « ƴantacciyar manhaja », muka bar « ta kyauta », domin ba kuɗi ne ma'auni ba. Manufar, wadda Richard Stallman ya kafa da shirin GNU a 1983, ita ce a iya amfani da manhaja, a karanta yadda aka rubuta ta, a gyara ta, a kuma rarraba ta.

3. Yadda sauyin yake

An gina Android a kan Linux, wanda Linus Torvalds ya fara a 1991, kuma tushensa a buɗe yake. Amma hidimomin Google da ake ɗora masa, kamar Play Store da taswira, a rufe suke. Sauyi yana da mataki biyu. Na farko, a bar tsarin yadda yake, a ɗauko manhajoji daga F-Droid, a yi amfani da taswirar OpenStreetMap. Na biyu, a kwance makullin wayar, a zuba wani tsari: LineageOS, wanda ya gaji CyanogenMod a 2016, ko /e/OS na Bafaranshe Gaël Duval. Kwance makullin yana shafe duk abin da ke cikin waya. Sai an kwafe muryoyi tukuna.

4. Amfani da cikas

Amfanin farko ya shafi haruffa masu lanƙwasa. Unicode ya tanadi ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, amma idan allon rubutu bai kawo su kusa ba, ɗalibi zai rubuta kafa a maimakon ƙafa, bambancin ma'ana ya ɓace daga bayanansa. Allo irin Keyman na ƙungiyar SIL yana ba mu damar shirya namu, har da alamomin karin sauti. Na biyu shi ne amana: wanda ya ba mu muryarsa bai yarda a aika ta wani wuri ba.

Cikas kuwa shi ne, akasarin wayoyi masu araha da ke kasuwannin Maraɗi da Damagaram, irin Tecno da Itel, ba sa cikin jerin da LineageOS yake tallafawa. Wasu manhajojin banki ma sukan ƙi aiki a wayar da aka kwance.

5. Kammalawa

Muna ganin mataki na farko ya wadaci yawancin ɗalibai. Na biyu kuwa, sashe ya keɓe masa waya ɗaya ko biyu na aikin bincike kawai, a gwada su kafin a fita daji.