Gargaɗi: Kada a Yanke wa Mai Farfaɗiya Magani

Jama'ar Doguwa, Tudun Wada, Kiru da Bebeji, duk gidan da ke da mai farfaɗiya a saurara. Idan yana shan magani amma bai daina faɗuwa ba, kada a ce "na asibiti ya gaza" a jefar da ƙwayoyin. Yanke magani farat ɗaya kan jawo jijjigar da ba ta tsayawa, kuma tana kisa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 70 cikin 100 na masu wannan ciwo za su iya daina faɗuwa in an gano shi daidai aka ba su magani. Sauran su ne ciwonsu ke gardama. Ƙa'idar likitoci ita ce, in an gwada magani iri biyu da suka dace, an sha yadda aka ce, abin bai lafa ba, to aikin ya wuce kemis da asibitin sha-ka-tafi. A karɓi takarda a kama hanyar Kwanar Dangora zuwa Kano, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wurin likitocin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Can ake awon EEG, a manna wayoyi a fatar kai a karanta motsin ƙwaƙwalwa, babu allura babu zafi. Wani lokacin a tarar maganin ne bai dace da irin farfaɗiyar ba, wani lokacin tabo ne da sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro ko haɗarin babur ya bari. Wani ma ba farfaɗiyar ce ke damunsa ba sam.

Na san kuɗin mota da na awo ba wasa ba ne, shi ya sa bai kamata a je hannu rabbana ba. A tafi da kwalayen duk magungunan da aka taɓa sha. In ciwon ya tashi, wani ya ɗauki bidiyo da waya, don likita ba ya nan lokacin da abin ke faruwa, kuma minti ɗaya na bidiyo ya fi dogon bayanin kaka.

Idan mai farfaɗiya ya faɗi, a kwantar da shi ta gefe, a sa zane ƙarƙashin kansa. Ba cokali a baki, ba ɗura ruwa ko rubutu, ba turara hayaƙi. Yawunsa ba ya sa wa kowa ciwo, a daina gudu a bar shi cikin ƙura. Jijjiga ta wuce minti 5, ko ta dawo bai farfaɗo ba, a garzaya asibiti mafi kusa.

Wanda ya fara shan maganin carbamazepine ya ga ƙuraje ko bakinsa na saɓulewa, ya ga likita a ranar. Macen da ke shan sodium valproate ta sanar da likita tun kafin ta ɗauki ciki, domin yana iya nakasa jariri, amma kada ta daina da kanta.

Kafin a samu zuwa Kano, kada a bar mai farfaɗiya shi kaɗai a bakin murhu ko wurin jin ɗumi, kada a aike shi rafi, rijiyar tsakar gida kuma a yi mata murfi yau.