Shin Ko Kun San? Maganin Gobara a Cikin Ƙwan Shaho

Shaho ba ya zama a kan kushin, ba ya kallon talabijin, ba ya kwana a kan katifa. Amma sinadarin da aka riƙa zuba wa waɗannan kaya don kada su yi saurin kamawa da wuta, an same shi a cikin ƙwansa da hantarsa. Hanyar da ya bi ya isa sheƙar shaho, ta cikin ɗakunanmu ta ratsa.

Shin ko kun san cewa tun daga shekarun 1970 masana'antu suka riƙa cuɗa wasu sinadarai da ake kira PBDE a cikin soson kujeru, da kwanson talabijin da kwamfuta, da rigar wayar lantarki, da kujerun mota? Iri 209 ne a danginsu, kuma aikinsu ɗaya: su rage wa wuta hanzari. Matsalar ita ce cuɗa su kawai ake yi, ba sa kama jikin robar. Yau da gobe sai su riƙa fita kaɗan-kaɗan, suna komawa cikin ƙurar ɗaki.

Shin ko kun san cewa dokar jiha ɗaya ce ta yaɗa su a gidajen Amurka? A 1975 jihar Kalifoniya ta wajabta cewa soson kujera sai ya jure harshen wuta na daƙiƙa 12. Da yake kasuwar jihar babba ce, masu ƙera kujeru suka bi wannan ƙa'ida a kayan da suke sayarwa ko'ina a ƙasar. Sai a 2013 aka sauya dokar.

Shin ko kun san dalilin da ya sa tsuntsaye masu farauta suka fi kowa kwasa? Waɗannan sinadarai ba sa narkewa a ruwa, ba sa ruɓewa da wuri, kitse suke bi su maƙale. Ƙwaro ya ci kaɗan a juji. Ƙaramin tsuntsu ya ci ƙwari ɗaruruwa. Shaho ya ci ƙananan tsuntsaye shekara da shekaru. Duk abin da na ƙasa suka tara, a jikin na sama yake ƙarewa, shi ya sa masana ke auna lafiyar muhalli da ƙwan shaho.

Shin ko kun san cewa ƙwan shaho ne ya karya wata hujja da aka daɗe ana kafawa? An yi ta cewa nau'in da ake kira deka ya yi girman da jikin dabba ba zai iya tsotse shi ba, saboda haka ba shi da haɗari. A 2004 masana a Suwidin suka wallafa cewa sun same shi a cikin ƙwan faragirin, shahon nan da ke surar tattabara a sama da gudun da ya wuce kilomita 300 a awa. Idan ya shiga ƙwai, to ya riga ya ratsa jinin uwar.

Shin ko kun san cewa a 2015 aka ba da labarin wani shaho da aka tsinta kusa da matattarar shara a Langili, daf da birnin Bankuba na Kanada, wanda aka samu kashi 196 cikin miliyan na PBDE a kitsen hantarsa? Adadin ya zarce na tsuntsayen da aka auna a wata matattarar tsofaffin kayan lantarki a ƙasar Sin. A Kalifoniya ma, ƙwan faragirin mazauna birni ya fi na mazauna bakin teku yawan sinadarin.

Shin ko kun san abin da yake yi wa tsuntsun? Masana a Kanada sun ciyar da wasu ƙananan shahuna abinci mai ɗauke da shi. Sai suka yi jinkirin saka ƙwai, ƙwan ya ƙanƙance, ɓawonsa ya yi siriri, barbara ta ragu. Wannan ya tuna wa duniya masifar maganin ƙwari na DDT, wanda ya sa ƙwan faragirin ke fashewa a ƙarƙashin uwa. Amurka ta haramta DDT a 1972, amma sai a 1999 ta cire tsuntsun daga jerin masu fuskantar ƙarewa.

Shin ko kun san cewa an taɓa ciyar da shanu maganin gobara bisa kuskure? A 1973, a jihar Mishigan, aka rikita buhunan PBB, ɗan'uwan PBDE, da na sinadarin da ake ƙara wa abincin dabbobi. Kafin a gane, madara da nama da ƙwai sun shiga kasuwa. Aka hallaka shanu kusan 30,000 da kaji kusan miliyan 1.5. Bayan gomman shekaru, ana ci gaba da samun sinadarin a jinin mutanen yankin.

Shin ko kun san cewa nonon uwa ne ya fara tayar da hukumomi? A Suwidin an adana samfurin nonon mata daga 1972 zuwa 1997. Da aka auna, sai aka ga PBDE yana ninkawa kusan duk bayan shekara 5. Da aka auna na matan Amurka, ya ninka na Turai sau goma ko fiye. Duk da haka likitoci ba su sauya magana ba: nonon uwa shi ne abinci mafi alheri ga jariri. Muhallin uwar ne ke buƙatar gyara.

Shin ko kun san cewa yaro mai rarrafe ya fi mahaifiyarsa kwasar sinadarin? Hannunsa a ƙasa, daga ƙasa sai baki. Siffar PBDE kuwa ta yi kama da ta sinadarin da ƙullutun gaban wuya ke fitarwa, wato wanda idan ya kumbura muke kira maƙoƙo, kuma wannan sinadari na jiki shi ne ke jagorantar ginuwar ƙwaƙwalwar ɗan tayi. Bincike a Niyok da Kalifoniya ya danganta yawan PBDE a jikin mai ciki da raguwar kaifin fahimta da natsuwar yaro.

Shin ko kun san cewa haramci bai kawo ƙarshen zancen ba? Tarayyar Turai ta hana nau'o'i biyu a 2004. Yarjejeniyar Istokholm, wadda Najeriya da Nijar da Gana ke cikinta, ta sa su a jerin haramtattu a 2009, ta ƙara deka a 2017. Amma tsohuwar kujera da tsohuwar talabijin suna nan, da yawansu kuma sun sauka a kasuwannin gwanjo na Afirka.

Shin ko kun san cewa abin ya iso ƙwan kaza? A 2019 an wallafa sakamakon awon ƙwan kajin da ke kiwo a Agbogbuloshi ta birnin Akara, inda a lokacin matasa ke ƙona wayoyi don ciro tagulla. Aka samu PBDE mai yawa, da gubar da ke fitowa idan an ƙona shi. Sana'ar ƙona waya kuwa ba baƙuwa ba ce a wurin 'yan gwangwan na garuruwanmu.

To me ke hannunmu? A goge ƙura da jiƙaƙƙen tsumma maimakon karkaɗewa. A wanke wa yara hannu kafin cin abinci. Kujerar da sosonta ya leƙo a yi mata sabuwar riga. Kada a hura gawayi da soso ko roba. Mai neman tagulla ya fere wayar da wuƙa, kada ya cinna mata wuta, kuma a nesanta kaji da awaki daga tokar wurin. Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Shaho ya riga ya nuna mana abin da ke cikin ƙwansa, mu kuma yaranmu suna rarrafe a cikin ƙurar da abin ya fito.