Ruɗanin Baƙunta: Makon Farko Na Mai Goyon Jaka A Indiya

Akwai wasu matafiya, galibinsu matasa daga Turai da Amurka da Ostireliya, da ke goya jaka guda su yi wata da watanni suna zaga ƙasashe da ɗan guzurin da bai taka kara ya karya ba. Sukan kwana a masauki mai araha, su ci abincin bakin titi, su shiga motar da talakan gari ke shiga. Al'adar ta yi ƙarfi a shekarun 1960 da 1970, lokacin da matasa ke tasowa daga Landan ta ƙasa, su ratsa Istanbul da Tehran da Kabul har Indiya da Nepal. Juyin juya halin Iran da shigar sojojin Tarayyar Sobiyet Afganistan a 1979 suka toshe wannan hanya, amma Indiya ba ta daina jan su ba.

Zangon farko ga da yawa daga cikinsu shi ne Paharganj, unguwa mai matsattsun lunguna daura da babbar tashar jirgin ƙasa ta New Delhi. Baƙo na sauka da gajiyar jirgi, barcinsa a birkice, sai ya faɗa cikin ƙarar hon, hayaƙi, ƙamshin turare da warin kwata a haɗe. Kafin ya yi taku goma wani mutum mai fara'a ya tare shi da Turanci mai kyau, ya shaida masa cewa masaukin da yake nema an rufe shi, amma ga wani can mafi kyau. Ɗan kamasho ne. Illar wannan ba ta tsaya ga kuɗin da aka ci ba, domin daga ranar baƙon kan fara zargin har mutumin kirkin da ya nuna masa hanya fisabilillahi.

Masanin al'adun al'ummomi Kalervo Oberg, a wata lacca da ya gabatar a Rio de Janeiro a 1954 wadda aka buga a 1960, ya danganta wannan ruɗani da rasa ƙananan alamomin da mutum ya saba hulɗa da su ba tare da ya yi tunani ba: yaushe ake miƙa hannu, yaushe ake tukuici, yaushe magana wasa ce. Indiya ta cika da misalai. Baƙo ya tambayi mai shayi ko jirgin Agra ya tashi, sai mai shayin ya kaɗa kai gefe da gefe. Baƙon ya ɗauka a'a ce, alhali kaɗa kan na iya nufin i, ko na ji, ko babu damuwa. A cikin jirgin kuma, wanda bai taɓa gani ba sai ya tambaye shi ko yana da aure, nawa ne albashinsa. A wurin mai tambayar wannan sada zumunci ne, a wurin Bature kuwa shisshigi.

Abin da ke girgiza baƙo ya danganta da inda ya fito. Buta a bayi, cin abinci da hannun dama, taya kaya kafin a saya, duk suna ɗaure wa Bature kai, amma Bakano ba zai ko ɗaga ido ba, balle adaidaita sahu da dama daga Indiya ake kawo mana mafi yawansu. Nasa ruɗanin daban ne. Saniya kwance a tsakiyar titi motoci na kauce mata, kuma doka ta hana yanka ta a Delhi da jihohi da dama. A Varanasi ana ƙona gawa a bainar jama'a a bakin kogin Ganges. Ga yawan kallo da baƙar fata kan sha, wani lokaci har da wulaƙanci wurin neman haya. Wanda ya tashi da finafinan Indiya kuma yakan iso da wata ƙasa a kansa wadda ba ita zai taras ba, kuma ɗan Indiyancin da ya tsinta a fim ba zai kai shi ko'ina ba a jihar Tamil Nadu.

Oberg ya kasa lamarin mataki huɗu: zumuɗin farko, sai ƙunci da ganin laifin kowa, sai farfaɗowa, sai sabo. A mataki na biyu ne ake ganin matafiyi ya kulle kansa a ɗaki, ya koma cin abincin ƙasarsu kawai, yana neman 'yan uwansa baƙi su haɗu su yi ta kushe masu gari. Ciwon gudawa daga ruwa ko abinci, da zafin Mayu da kan haura digiri 40, suna ƙara dagula lissafi. Sai dai ba kowa ke bin matakan a jere ba, musamman mai goyon jaka da ke sauya gari duk bayan 'yan kwanaki: yana fara gane Delhi sai ya tashi zuwa Kerala, inda harshe da abinci da sutura duk suka sauya.

Komawa gida ma na da nata ruɗanin. Masu bincike John da Jeanne Gullahorn sun bayyana a 1963 cewa wanda ya daɗe a waje kan sake fuskantar irin wannan ƙunci a garinsu, inda yake taras da abubuwan da ya saba sun zame masa baƙi, mutanen gida kuma sun gaji da labarinsa tun bai kai rabi ba.