Lambobin Takardar Fili: Tambayar Da Mai Saye Zai Yi A Junju

A garin Junju, wanda ake rubutawa Dioundiou a takardun hukuma, kuma ya rabu da Gaya ya zama gunduma a shekarar 2011, idan ribar rake ko ta hatsi ta taru, da yawa daga cikinmu fili muke saye. Mai awo zai kafa borni a kusurwoyi huɗu, ya ba mu taswira mai ɗauke da dogayen lambobi, mu naɗe mu sa a ƙasan akwati. To, iyayenmu mata da 'yan uwa 'yan kasuwa, waɗannan lambobi suna da magana.

Mu ɗauki misali da kasuwa. Idan daga ƙofar gabas aka fara ƙirge, rumfar mai daddawa tana taku 40. Idan daga ƙofar yamma ne, sai ta koma taku 70, alhali rumfar ba ta gusa ba. Amma tsakaninta da rumfar mai gishirin Foga taku 10 ne, ko ta wace ƙofa aka shigo. Na farkon shi ne ɗigo, wato wurin da abu yake. Na biyun kibiya ce, wato tazara da alƙibla.

Haka abin yake a cikin kwamfuta. Masu rubuta manhajojin zane irin su AutoCAD suna bambanta su tun daga tushe: sukan liƙa wa ɗigo lamba 1, kibiya kuma 0, domin idan an sauya mafarin ƙirge lambar ɗigo ta canza, ta kibiya ta tsaya. Sai in an juya alƙiblar taswirar ne duka biyun ke canzawa. Wanda ya cakuɗa su, to zanensa zai tashi daga inda filin yake.

Ga inda abin ya shafi aljihunmu. Na'urar GPS da wayar hannu suna aiki da tsarin da ake kira WGS 84. Tsofaffin takardun awo na Nijeriya kuwa, kamar wanda mutum zai gani idan ya sayi fili a Kamba, galibi an ɗora su ne a kan ma'aunin Minna. Lamba ɗaya a tsarin biyu tana iya nuna wurare biyu da ke da tazarar gomman mitoci. Tsawon fili da faɗinsa za su fito daidai a takarda, amma a ƙasa ya faɗa gonar maƙwabci. Kamar a ce maka kuɗin buhu 20,000 ne, ba a faɗa maka naira ko sefa ba.

Ko gwamnatoci ba sa wasa da wannan. A hukuncin 12 ga Yulin 2005 da ya bai wa Nijar tsibirin Lete kusa da Gaya, Kotun Duniya ta shata iyakarta da Benin a cikin kogin Kwara da ɗigo 154, kowanne da lambobinsa.

Don haka kafin a ƙirga kuɗi, a tambayi mai awo da wane tsari ya auna, a ce ya rubuta sunansa a jikin taswirar. A taka fili tare da maƙwabta, a ja igiya daga borni zuwa borni. In gona ce, a kai maganar gaban kwamitin filaye na Kofo, wanda dokar karkara ta 1993 ta tanada, a karɓi takardar shaida.