Yadda ake gina wasan loto da Python

A New Bell ta Douala, loto ba baƙon abu ba ne. Ɗalibi mai kwamfuta zai iya gina irinsa da Python, babu hoto, rubutu zalla a baƙin allo.

Manhajar za ta jera lambobi daga 1 zuwa 90, ta gauraya su da random.shuffle, sannan ta ba ɗan wasa kati mai lambobi 15, kamar na Faransa. Duk sanda aka danna Enter, lamba ɗaya za ta fito, kuma ba ta dawowa. Da kati ya cika, wasa ya ƙare.

A zaɓen farko, damar dacewa 15 ce cikin 90, wato ɗaya cikin shida. Yaron da ya gano hakan da hannunsa, da wuya boka ya sayar masa da "lambar sa'a".